Lasisin tuƙi a Kumasi: me jarrabawar DVLA take nema a wurin sabon direba?

Idan yaro ya iya tayar da mota, ya iya canjin giya, har yana shigar da trotro, wato ƙaramar bas ta haya, da baya cikin lungun Aboabo bai goga bango ba, don me za a ce sai ya biya kuɗin makarantar koyon tuƙi, ya zauna gaban kwamfuta, sannan wani jami'i ya shiga mota ya zauna gefensa yana rubuce-rubuce, kafin a yarda a kira shi direba? Duk mai zama inda samari ke dafa ataya a Asawase ko Sabon Zango ya sha jin wannan tambaya. Ta ƙara yawa a 'yan shekarun nan, domin tuƙi ya zama hanyar abinci ga matasanmu da dama. Wannan yana so ya karɓi mota ya yi Bolt ko Yango, wato tasin da ake kira ta waya, wancan yana jiran bizar aikin direba a Saudiyya ko Qatar, wani kuma ya gaji da ratayewa a ƙofar trotro yana kiran fasinja, yana so shi ma ya koma kujerar gaba.

Amsar da aka fi ji a majalisa ita ce wai duk dabarar cin kuɗin talaka ce. Na san kuɗin suna da nauyi, amma ban yarda da wannan amsa ba. Inda aka samu kuskuren fahimta shi ne an ɗauka jarrabawar tana auna ko mutum ya iya sarrafa mota. Wannan kaɗan ne daga cikin abin da ake dubawa. Babban abin shi ne ɗabi'ar direba: ina idonsa yake, yaushe ƙafarsa ke barin totur, kuma yaya yake yi da mutumin da ke wajen motar, wanda ba ƙarfe ba gilashi tsakaninsa da ajali.

Hukumomi uku da ake yawan cakuɗa su

DVLA ita ce hukumar ba da lasisin direbobi da rajistar motoci, wadda doka ta kafa a 1999. Ita ke gwada direba, ita ke gwada lafiyar mota. NRSA hukumar kiyaye haɗurra ce ta ƙasa. Da can aikinta bai wuce wayar da kai da ba da shawara ba, sai dokar 2019 ta ƙara mata ƙarfin sa ido. MTTD kuwa sashe ne na 'yan sandan Ghana, su ne waɗanda za su tsayar da kai a hanya su ce ka kawo takardu. Dukkansu suna aiki ne da dokar zirga-zirga ta 2004 mai lamba 683 da ƙa'idojin da aka fitar a 2012, waɗanda ake kira L.I. 2180. Tambayoyin jarrabawa daga waɗannan dokoki da littafin ƙa'idojin hanya suke fitowa.

Dalilin duk wannan tsari yana cikin alƙaluman da NRSA ke fitarwa kowace shekara. A 2021 mutanen da suka mutu a hanyoyin Ghana sun kusa 3,000. A 2023 an ƙirga 2,276, a 2024 kuma 2,494. In ka raba wannan adadi na ƙarshe da kwanakin shekara, kusan mutum bakwai ke nan kullum. Mu da ke Kumasi ba ma buƙatar takarda kafin mu yarda. Wanda ya taɓa kai ɗan'uwa sashen haɗurra na asibitin Komfo Anokye da dare ya ga abin da idonsa.

Matakan da ake bi, a taƙaice

Sai mutum ya cika shekara 18. Za a gwada masa ido, ya yi rajista da makarantar koyon tuƙi wadda DVLA ta amince da ita, ya karɓi takardar koyo da alamar L da ake liƙawa gaba da bayan mota. Mai wannan takarda ba ya fita shi kaɗai, dole malami mai lasisi ya kasance a gefensa. Daga nan sai jarrabawar kwamfuta, tambayoyi 30, ana so mutum ya ci kashi 70 cikin 100, wato 21. Sai gwajin alamomin hanya, sai kuma shiga titi da jami'i.

Lasisin ma aji-aji ne. A na babur ne, B na ƙananan motoci, kuma daga nan sabon direban mota ke farawa. C da D na bas-bas ne da manyan motoci, E na tarakta da injinan aikin hanya, F na tirela. Ba a tsallake daga ƙasa zuwa sama rana ɗaya. Ƙa'idojin 2012 kuma sun sa shekara 25 ga mai son tuƙa motar haya. Wannan shi ne abin da yaran mota da yawa ba su sani ba sai ranar da suka haɗu da 'yan sanda da fasinja cike da mota.

Jarrabawar kwamfuta ita ce ta fi firgita mutanenmu, musamman waɗanda makarantar allo suka yi, boko bai yi nisa ba. Wannan damuwa ce ta gaskiya, domin akwai mai hankali da natsuwa da Turanci kawai ya tsaya masa a gaba. DVLA ta sanar da shirin sa tambayoyin cikin harsunan gida ta hanyar murya, kuma Hausa na cikin harsunan da aka ambata, tare da Twi da Ga da Ewe da Dagbani da Nzema. Wanda karatu ke ba shi wuya ya tambayi wannan a ofis da bakinsa, ba tare da jin kunya ba. Su kuwa alamomin hanya ba su da harshe. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne. Da'ira mai jan baki hani ne. Shuɗiyar da'ira umarni ce. Mai kusurwa takwas ja kuwa ɗaya ce tak a duniya, tana cewa ka tsaya cak. Yaron da ya haddace izu goma ba zai kasa riƙe waɗannan ba.

'Yan goro da abin da suke sayarwa

Abin yana min ciwo duk lokacin da na ji kalmarmu ta goro, abin girmama baƙo da ɗaurin aure, ta koma sunan masu tare mutane a bakin ofisoshin gwamnati, waɗanda duk Ghana ke kira "goro boys". Za su ce maka ba sai ka wahala ba, kawo hoto da kuɗi, ka koma gida ka jira kati. DVLA kanta ta sha gargaɗin jama'a a kan su.

Mu ɗauki mafi sauƙin asara tukuna. Katin zai iya zama na jabu, kuma ba za ka gane ba sai ranar da aka duba lambarsa a kwamfuta, ko wajen sabuntawa, ko lokacin da kamfanin da kake neman aiki ya bincika. Idan haɗari ya faru, kamfanin inshora zai fara da tambayar ingancin lasisin wanda ke riƙe da sitiyari, sai mai mota da direba su wayi gari nauyin asibiti da gyara ya dawo wuyansu. Amma ko da a ce katin ya shiga kwamfuta lafiya, akwai abin da ɗan goro ba zai iya sa maka a aljihu ba, wato waɗancan makonni da malami zai yi yana ce maka "duba madubi" har ka gaji da jin muryarsa. Su ka tsallake, kuma su ne ainihin kayan.

Abin da jami'in gwaji ke kallo

Ɗan yayata ya shekara huɗu yana bin trotro. Shi ke kai motar wurin wanki, shi ke juya ta a tasha idan maigidansa ya tafi masallaci. A unguwa kowa ya san hannunsa ya faɗa. Ya shiga gwajin titi, ya faɗi. Da yamma ya zo ya same ni, ido ya yi ja.

"Kawu, wallahi mota ko sau ɗaya ba ta mutu min ba. Ban taɓa kowa ba. Mutumin nan bai so ni ba ne kawai."

Na ce masa ya yi haƙuri, gobe da safe ya ɗauke ni a tsohuwar motata mu zaga fili. Kafin mu yi minti goma na ga komai. Ya tayar da mota bai gyara kujera ba, bai taɓa madubi ba. Bel sai da na yi masa magana. Hannun hagu a kan taga, na dama shi kaɗai ke juya sitiyari da tafin hannu. Sigina yakan kunna ta ne bayan ya riga ya fara karya kan mota. Da muka zo inda ya kamata ya tsaya, sai ya rage gudu ya leƙa ya wuce. A gangara kuma ya zare giya ya bar motar tana tafiya da kanta, wai ana tattalin mai, haka ya ga maigidansa na yi.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba rashin iya mota ba ne. Gado ne ya ɗauko a kujerar yaron mota. Kuma kowane ɗaya yana da irin mutumin da yake kashewa.

A ɗauki madubi da sigina. Tsarin da ake koyarwa shi ne ka duba madubi, ka ba da sigina, ka sake dubawa, sannan ka motsa. Sigina sanarwa ce ta abin da kake shirin yi, don haka wadda aka kunna bayan an fara kwana ba ta amfani kowa ba. Akwai kuma wani gefe na mota da madubi ba ya nunawa, daidai kafaɗar direba zuwa ƙofar baya. A garin da pragya (babur mai ƙafa uku na fasinja) da okada da aboboya (mai ƙafa uku na kaya) ke kutsawa ta kowane saƙo, wannan wuri kusan kullum da mutum a cikinsa. Shi ya sa jami'i ke so ya ga wuyanka ya juya kafin ka fita daga gefen titi ko ka canja layi. In bai ga kanka ya motsa ba, a wurinsa ba ka duba ba.

Zare giya a gangara kuwa ya fi kama da sakin linzamin doki. Muddin mota na cikin giya, injin yana taya birki riƙe ta. Da ka zare, duk nauyin ya koma kan birki shi kaɗai, ya yi zafi, ƙarfinsa ya ragu a daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Kumasi gari ne mai hawa da sauka, saboda haka wannan ɗabi'a ta fi haɗari a nan. Hawan ma yana da nasa gwajin: a tsayar da kai a tsakiyar tudu, a ce ka tashi ba tare da motar ta koma baya ba. Birkin hannu ne maganin, ka ja shi, ka saki kuloci sannu har ka ji motar ta ɗauki nauyi, sannan ka sauke. Wanda bai saba ba, ranar da ya tsaya a cunkoson Adum da wata mota manne da bayansa, gumi zai karyo masa.

Lissafin gudu, wanda ƙafa ba ta sani ba

Dokar Ghana ta sa kilomita 30 a awa kusa da makarantu da kasuwanni da asibitoci, 50 a cikin gari, 90 a manyan hanyoyi, 100 a babban titin Accra zuwa Tema. Masu shirin jarrabawa suna haddace waɗannan lambobi kamar karatu, amma ba kasafai ake gaya musu daga ina suka fito ba.

Motar da ke gudun 50 tana cinye kusan mita 14 a cikin daƙiƙa ɗaya. Daga lokacin da idonka ya ga yaro ya fito daga bayan trotro zuwa lokacin da ƙafarka ta taka birki, aƙalla daƙiƙa ɗaya ta wuce, in ma hankalinka na kan hanya ke nan. Wato ka yi mita 14 birki bai ko fara aiki ba. Sannan motar na buƙatar kusan wasu mita 14 kafin ta tsaya, idan titi a bushe yake kuma tayoyi na da kyau. Mai gudun 30 kuwa duka-duka a cikin mita 13 ko 14 ya tsaya cak. Ma'ana, a daidai wurin da mai gudun 30 ya tsaya yaron ya tsira, mai gudun 50 bai ma taɓa birki ba tukuna. Duk lokacin da na wuce gaban makarantar Islamiyya da la'asar yara na fitowa, wannan lissafi nake tunawa.

Kuma nisan birki ba ya ƙaruwa daidai da gudu. In ka ninka gudu sau biyu, nisan birki ninkuwa yake sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge da gudun 65 ya fi wanda aka buge da gudun 50 yiwuwar mutuwa sau huɗu da rabi. Bambancin kilomita 15 kacal, abin da direba ba ya ko ji a jikinsa.

Daga nan ne ƙa'idar tazara ta samo asali. Ka zaɓi wata alama a gefen hanya, falwaya ko bishiya. Idan motar gabanka ta wuce ta, ka ƙirga daƙiƙa uku. In ka iso kafin ka gama ƙirga, ka matsa da yawa, ja baya. Lokacin damina, ko in hazon hunturu ya sauko, sai ka ninka. Wani zai shigo cikin tazarar da ka bari, wannan tabbas ne a Kumasi. Ka ƙyale shi, ka sake buɗe wata.

Waya ma a nan take shigowa. Doka ta hana riƙe ta ana tuƙi, kuma bincike ya nuna mai amfani da ita ya fi shiga haɗari kusan sau huɗu. A gudun 90 mota na yin mita 25 a daƙiƙa. Leƙen saƙon WhatsApp na daƙiƙa uku tafiyar mita 75 ce ido a rufe. Ina jan hankalin masu shirin yin Bolt da Yango musamman, tunda aikinsu a waya yake: a kafe ta a mazauninta, a saita hanya kafin a tashi.

Shataletale, trotro da mai dakon da ba ka gani ba

Dattawa suna tuna ranar 4 ga Agusta 1974, lokacin mulkin Acheampong, da Ghana ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama, ana ta shelar "nifa, nifa", wato "dama, dama" da Twi, a rediyo. Tun daga ranar, wanda ke cikin shataletale yana zuwa maka ne ta hagu, kuma shi ke da hanya. Kai mai shigowa kai ne mai jira. Wanda ya tsaya minti biyar yana kallon shataletalen Suame ko na Santasi da safe zai ga kamar ba a taɓa rubuta wannan doka ba, kowa na tura hancin motarsa. Sabon direba sai ya ɗauka abin da ya gani shi ne daidai, ya kai shi wurin gwaji, ya faɗi. Ka zaɓi layinka tun kafin ka shiga, ka ba na ciki hanya, ka kunna siginar dama idan ka zo mafitarka.

Trotro kuwa ka ɗauka kullum tana gab da tsayawa, ko ta ba da sigina ko ba ta ba. Hannun yaron mota da ya fito ta taga ya fi fitilarta saurin ba da labari. Idan kuma ta tsaya, haɗarin ba ita ba ce, wanda zai ɓullo ta gabanta ne. Akwai wata safiya a Alabar da ba na mantawa. Wata yarinya cikin masu dakon kaya, da babban kwano a ka wanda ya hana ta juya wuya, ta fito daga tsakanin motoci biyu da ke tsaye. Direban tasin da nake ciki ya riga ya ɗage ƙafa daga totur tun kafin ta bayyana. Na tambaye shi yadda aka yi ya gan ta. Ya ce, "Alhaji, ƙafafunta na hango ta ƙarƙashin motar." Shekara da shekaru yana duba ƙarƙashin duk motar da ke tsaye. Irin wannan ido ake so mai koyo ya fara ginawa tun yana da alamar L.

Babbar hanya: wucewa, dare da barci

Gwajin DVLA a cikin gari ake yin sa, amma da yawa daga munanan haɗurra a manyan hanyoyi suke faruwa. Hanyar Kumasi zuwa Accra ta Konongo da Nkawkaw, mai kusan kilomita 250, da hanyar arewa ta Techiman da Kintampo zuwa Tamale, dogayen sassansu layi ɗaya ne zuwa, ɗaya dawowa. A watan Fabrairun 2016 bas da babbar mota sun yi karo kusa da Kintampo, mutum sama da 50 suka rasu. A watan Maris na 2019 bas biyu suka sake yin gaba da gaba a yankin da tsakar dare, aka sake rasa sama da 50. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wannan hanya ce da mutanen zango ke bi kullum, zuwa gida ko fatauci.

Idan motoci biyu na fuskantar juna kowace da gudun 90, tazarar da ke tsakaninsu na raguwa da mita 50 a kowace daƙiƙa. Motar da ka hango can nesa kamar ƙwayar gero, kafin ka gama wuce tirela ta iso. Shi ya sa aka hana wucewa a kwana, a kan tudu, a gada, da duk inda farin layin tsakiya bai yanke ba. In zuciyarka ta yi ɗar ko kaɗan, koma layinka. Sauri ya haifi nawa.

Sabon direba ya guji doguwar tafiyar dare har sai ya goge. Manyan motocin da suka lalace sukan kwana a kan titi ba fitila, sai ganyen da aka zuba a matsayin gargaɗi. Wannan ganye ba ya haskawa a duhu, dalilin da ya sa doka ta ce kowace mota ta riƙe alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli, tare da tukunyar kashe wuta. Ƙa'idojin 2012 sun kuma ce direban haya ya huta rabin awa bayan tuƙin awa huɗu. Goro da ataya suna jinkirta barci na ɗan lokaci, ba sa biyan bashinsa. Tramadol da sauran ƙwayoyin da wasu ke sha wai don ƙarfin aiki sun fi barcin ma muni, domin suna rage saurin hankali alhali mai shan yana jin kansa garau. Da azumi kuma, awa ɗaya kafin shan ruwa lokaci ne na taka-tsantsan, ga gajiya ga kowa na sauri ya isa gida. Dabino da ruwa a cikin mota sun isa su raba mutum da wannan gaggawa.

Makarantar tasha ko makarantar tuƙi?

A nan ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare na da hujja. Tsofaffin direbobin tasha suna cewa yaron da ya shekara biyar a ƙarƙashin maigida ya san mota ciki da waje. Yana jin ƙarar injin ya gane ciwonsa, ya san hanyar Suame Magazine, unguwar makanikai, da wanda zai gyara masa, ya iya canja taya cikin ruwan sama, ya san halin fasinja. Suna ganin ɗan makarantar tuƙi mai 'yan makonni ko ruwan lagireto bai iya dubawa ba. Gaskiyarsu ce a nan, kuma ina ganin makarantun tuƙi na da gyara a wannan fanni.

Masu goyon bayan makaranta kuma suna cewa maigida abin da ya sani kawai zai koyar, har da kurakuransa, kuma ba wanda ya taɓa gwada maigidan a kan dalilin doka. Labarin ɗan yayata shaida ne. Akwai kuma batun mata. 'Yan matanmu da matan aure da yawa yanzu suna koyon mota don kai yara makaranta ko harkar kasuwa, kuma ƙofar tasha ba a buɗe take gare su ba. Makarantar tuƙi ce hanyarsu.

A ganina wanda ya taso a tasha ya fi kowa cin ribar makaranta, in ya sauke girman kai. Yana da hannu, saura a gyara masa ido. Wanda ya fito daga makaranta kuma ya nemi wani dattijon direba ya nuna masa yadda ake duba mai da ruwa da iskar taya kowace safiya, da lambobi huɗu da ke jikin taya masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. A kasuwar da tayoyin gwanjo suka yi yawa, wannan ilimi ne mai tsada.

"Abin da Allah ya rubuta"

Ba a raba mu da wannan magana, kuma gaskiya ce, babu mai wuce kwanansa. Sai dai na sha jin ana fakewa da ita don a ƙi ɗaura bel, ko a ci gaba da tafiya da birkin da aka san ya mutu. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Bel na rage yiwuwar mutuwar wanda ke kujerar gaba da kusan rabi. Addu'ar hawa abin hawa da ɗaura bel ba kishiyoyi ba ne, daƙiƙa goma sun ishe su duka biyu. Kuma ko mutum ya ce ransa nasa ne, ran fasinja da na mai tsallaka titi amana ne a hannunsa, za a tambaye shi.

Kafin ranar gwaji

Wanda ya faɗi yana da damar sake shiga, ba a rufe ƙofa. Abin da na fi ganin amfaninsa a shiri shi ne mai koyo ya riƙa faɗin abin da yake gani da baki yana tuƙi. Da fari zai ji abin wani iri, amma yana tilasta wa ido ya yi aiki, kuma malamin da ke gefe zai gane abin da ya kuɓuce masa nan take. A riƙa gwaji da irin motar da za a shiga jarrabawa da ita. A yi barci sosai daren ranar, a isa da wuri da takardu cikakku. Idan mota ta mutu a tsakiyar gwaji, ba ƙarshen duniya ba ne: ja birkin hannu, mayar da giya, tayar, duba madubi, ci gaba. Jami'i ya fi damuwa da yadda ka farfaɗo fiye da mutuwar injin.

Ɗan yayata ya koma wurin malaminsa na makarantar tuƙi, ya nemi ƙarin darasi, abin da da farko ya rantse ba zai yi ba. Ranar Lahadi da safe nakan shiga bayan motar in zauna, malamin na gaba, mu bi ta Aboabo zuwa shataletalen filin jirgi. Yanzu bakinsa ba ya rufuwa: "Pragya a dama. Trotro za ta tsaya. Yara biyu a bakin kwata. Madubi." Makon jiya wata tsohuwa da sanda ta sa ƙafa a kan zanen tsallaka titi, ya tsaya tun daga nesa. Mai tasin da ke bayanmu ya danna oda har sau uku, yana ɗaga hannu ta taga. Na ga kunnen yaron ya motsa, ƙafarsa ta ɗan yi rawa a kan kuloci. Bai tashi ba sai da tsohuwar ta hau ɗaya gefen.